Kalmomin Sirri da Ɓarayin Lalitar Kirifto

Tun daga shekarar 2024, sa'ad da wasannin Telegram irin su Notcoin da Hamster Kombat suka mamaye wayoyin samari, har zuwa 20 ga Fabrairu 2025 da aka buɗe cinikin kuɗin kirifto na Pi ga duniya, da wuya mutum ya ratsa kasuwar Kafanchan ko ya zauna cikin ɗaliban kwalejin Gidan Waya bai ji ana zancen mainin, wato haƙar kuɗin kirifto ta waya, ba. Ni ban ga laifinsu ba, gama a ƙasar da annobar 2023 ta halaka gonakin citta daga Kachia har Kwoi, duk inda aka ce akwai halali dole matashi ya leƙa.

Amma lalitar kirifto ba kamar asusun banki take ba, inda akwai manaja da za a kai wa kuka. Ranar da aka buɗe ta, manhaja takan ba mai ita jerin kalmomin Turanci, 12 a irin su Trust Wallet, 24 a lalitar Pi, kuma haƙiƙanin al'amari waɗannan kalmomi su ne dukiyar kanta, domin duk wanda ya san su, ko yana birnin Sin, yana iya buɗe lalitar a tasa wayar ya kwashe abin da ke ciki, alhali kuwa abin da aka tura ta wannan hanya babu hukumar da ke da ikon komo da shi.

Saboda haka maha'inta ba sa wahalar fasa komai, roƙo suke yi cikin ladabi. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook ɗauke da tambarin kamfani, ana cewa an toshe lalitarka, ko kuwa ga kyauta tana jiranka, ka latsa likau ka tabbatar kafin dare. Shafin da zai buɗe kuwa ya yi kama da na asali ƙwarai, sai dai harafi guda da aka sauya a adireshinsa, ga kuma akwati fari yana jiran kalmominka. Kamfanin gaskiya ba ya tambayarsu ta saƙo, faufau.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jabun manhaja, saboda ta hannun masoyi take zuwa. Aboki ya tura maka ta Xender don ya rage maka kuɗin data, shi kansa bai san cewa an gina ta ne don ta aika wa maƙerinta duk abin da aka rubuta ba. Wajibi ne a sauke manhaja daga shafin kamfanin kansa, a rubuta kalmomin da biro a takarda, a adana tare da takardun gona, kada a ɗauki hotonsu.

Wanda kuwa ya riga ya ba da kalmominsa, to ya gaggauta buɗe sabuwar lalita ya mayar da abin da ya saura, kuma ya sani cewa masu zuwa daga baya da alkawarin ƙwato masa dukiyarsa in ya biya wani abu, galibi 'yan ƙungiyar farko ne suka sake suna.