A Daina Cire wa Jif Tamostat da Sunan Zafin Ƙasarmu

Duk wanda ya tara kuɗi ya sayi babbar jif ta hannu, Prado ce ko Sequoia ko Lexus GX ko Tahoe, ya san murna ba ta daɗewa fargaba ke biyo baya. Ido kullum yana kan allurar zafi. Da an ji 'yar ƙara daga ƙasan mota sai gaba ya faɗi, tafiyar Kano zuwa Abuja da iyali kuwa sai an yi ta shawara. Fargabar ba laifi ba ce, domin motar da ta shekara goma ko sha biyar a hannun da ba ka sani ba ta cancanci kallon tsanaki. Abin da ya ishe ni shi ne maganin da ake bai wa masu fargabar. Tun ba a yi wa motar lamba ba wani zai ce: "Alhaji, abu na farko a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Turawa don ƙanƙara suka sa shi, mu nan rana gare mu." Wannan magana ta kashe injuna masu yawa, kuma har gobe yaɗa ta ake yi a gareji da majalisa kamar karatu.

Tamostat ɗan bawul ne da bai kai tafin hannu ba, yana tsakanin inji da lagireto. In inji na da sanyi sai ya rufe hanyar ruwa don ya yi saurin ɗumama, in zafi ya kai wajen digiri 82, kamar yadda yake a yawancin injunan Toyota, sai ya fara buɗewa.

Mu fara da batun ƙasar sanyi. A garin Arlington na jihar Texas ake haɗa Tahoe, Sequoia ta yanzu kuma a San Antonio, duk a jihar da zafin bazararta ba wasa ba ne. A 2023 birnin Phoenix na jihar Arizona ya jera kwana 31 zafi yana kai digiri 43 ko fiye, kuma irin waɗannan motoci ne cike da titunansa. Alhazanmu sun ga yadda Land Cruiser da GMC ke kai da komo tsakanin Makka da Madina a tsakar rana. Dukkansu da tamostat ɗinsu kamfani ya sayar da su a can. Shin Sakkwato ta fi Saudiyya rana ne, ko makanikenmu ya fi wanda ya ƙera injin sanin abin da injin ke so?

Na biyu, jikin mutum daban, inji daban. Digiri 42 na watan Afrilu a Maiduguri azaba ce gare ni da kai, amma injin da aka tsara ya yi aiki a wajen digiri 90 har yanzu a sanyi yake. Balle safiyar hunturu a Jos ko Zariya. Kuma da zarar inji ya kai zafinsa tamostat a buɗe yake, ba ya tare ruwa. Lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi.

Ga abin da ke biyo bayan cire shi. Kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, tana karanta zafin ruwa. Muddin ta ga sanyi za ta ɗauka yanzu aka tayar da inji, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Injin silinda takwas mai lita 4.7 ko 5.7 dama can mashayi ne, ga shi tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda gidan mai yake. Rarar fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi da fistan su riƙa cin juna. Tururin da zafi ya kamata ya kore yana zama cikin baƙin mai ya yi kauri kamar kwalta. Sauran fetur ɗin ya bi salansa ya lalata abin tace hayaƙi da ake kira indomi, sai a ce shi ma a fasa a cire. Wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, a kira rewaya ya kashe ƙwan. Cikin 'yan watanni an raba motar da abubuwa uku da ke kare ta, mai ita kuma yana yawo yana cewa motocin yanzu ba su da ƙarko.

Akwai abin da ma ya fi wannan. A injuna da yawa tamostat aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana toshe wata gajerar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi zai riƙa komawa inji ba tare da ya ga lagireto ba. A cikin gari ba za ka lura ba. Sai ranar da ka cika mota da mutane da kaya, ka kunna esi, ka kama hawa, a nan allura za ta tashi, gaskit ya ƙone. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Na san wani zai ce shi da ya cire nasa zafin ya daina. Ɗayan biyu ne. Ko dai tamostat ɗin ya tsufa ya maƙale a rufe, wanda maganinsa sabo ne, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Ko kuma cutar tana wani wuri, cire shi ya ɓoye ta na ɗan lokaci. Tamkar mai zazzaɓi ne aka hana shi gwajin jini aka ce ya tuɓe riga ya sha iska.

To me ya kamata mai sabuwar tsohuwar jif ya yi da fargabarsa? Ya kai ta a sa mata na'urar bincike tun makon farko. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona wannan na'ura a ƙasan sitiyari. Kafin nan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko wutar gargaɗin inji ta kama; in ba ta kama ba, wani ya riga ka taɓa ta. Ka sa a buɗe a tabbatar tamostat yana nan, domin motar da ta zauna a hannun wani a nan gida sau da yawa babu shi.

Sai lagireto. A wanke bayansa, musamman tsakaninsa da na esi, inda ƙurar hunturu da ciyayi ke taruwa su hana iska wucewa. A duba tiyo ko ya kumbura, a duba famfon ruwa ko yana tsiyaya. Yawancin manyan Toyota da Lexus fankarsu da bel take juyawa, tana da kulocin da ke saki in ya tsufa. A canza shi, kada a yarda a ɗaure shi da walda. Murfin lagireto ma ba ado ba ne, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa.

Don Allah a daina ɗura ruwan rijiya ko na burtsatse. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, yana kawo tsatsa, yana barin gishiri a cikin siraran bututun lagireto. Ruwan sanyaya inji na asali, tare da murfi mai kyau, yana haura digiri 120 bai tafasa ba. Na Toyota mai ruwan hoda kamfani ya ce a fara canza shi a kilomita 160,000, daga nan duk bayan 80,000. Tun da ba ka san tarihin motarka ba, zubar da na ciki ka sa sabo, kuma kada ka gauraya kala biyu. Kada ka taɓa buɗe murfi inji na da zafi.

In injinka mai lita 4.7 ne, irin na GX 470 da LX 470 da Sequoia ta farko, bel ne ke haɗa taimin ɗinsa, ana canza shi a wajen kilomita 145,000. In babu takardar shaidar an canza, ɗauka ba a canza ba, ka haɗa da famfon ruwa a aiki ɗaya. Baƙin mai kuwa, wanda aka rubuta a murfi ko a littafin motar shi za ka sa, ba mai kaurin da ake cewa ya fi jure rana ba. A duba man giya da na aksul. Ka ɗauki lambar jikin motar mai alamomi 17 ka bincika tarihinta a intanet, ka kuma ajiye littafin da za ka riƙa rubuta kowane sabis da kilomitarsa. Gurɓataccen fetur, ramukan hanya, motocin da ambaliya ta ci a waje da rage kilomita duk suna nan, amma su kowa ya san haɗari ne.

Ku kuma 'yan'uwa makanikai, ku ji tsoron Allah. Mota amana ce, rayukan iyalin mutum ne a ciki. Abin da maigidanka ya koya maka a zamanin kafireto ba lalle ya dace da injin da kwamfuta ke sarrafawa ba, kuma neman ƙarin sani ba kasawa ba ne. Masu mota ma da laifinsu: mutum ya zuba miliyoyi a jif, amma ya tsaya cinikin galan ɗin ruwan lagireto, ya zaɓi jabun kaya don rangwame. Duk wanda ya ce a cire maka wani abu daga jikin inji, tambaye shi me ya lalace a abin, kuma ina sabon da za a mayar. In bai da amsa, nemi wani garejin.