Daga Ƙofar Hubbare Zuwa Bagega: Me Ake Nufi Da Bincike A Jami'a?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na raka Gwaggona ziyara Hubbaren Shehu. Daga ƙauye ta zo, kuma ita in ta shigo Sakkwato ba ta je Hubbare ba, to a wajenta ba ta zo ba. Ta shiga ciki, mu kuma muka samu inuwa a waje ni da ƙanena, muna kallon masu sayar da carbi da turare da littattafai da kwalli. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a jami'a, sinadarai yake karanta, wato kemistiri. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba ma a jihar nan take ba.

Can sai ya matso ya rage murya. "Yaya, don Allah ranta mini N15,000. Akwai wani mai shagon kwamfuta da ke sayar da furojet gamamme, babi ɗaya zuwa biyar. Suna kawai za a canza."

Na ce, "To binciken fa?"

Ya yi dariya. "Wane bincike Yaya? Wa zai karanta? Ƙura ce za ta ci shi a laburare."

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma a lokacina na ga ana yi, kuma ban ce zuciyata ba ta raya mini ba. Sai na ba shi labarin Zamfara. Shi zan ba ku yau.

A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa. Ba wanda ya damu, agwagwa ce. Sai yara suka biyo baya: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne tunda lokacin zafi ne, wasu suka ce iska ce. Likitocin ƙungiyar MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau su suka lura a watan Maris cewa ana ba da magani amma yaran ba sa tashi. Suka ɗebi jini aka kai Turai aka auna. Sakamako ya dawo: dalma ce. Da masana daga hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, sun tarar a cikin shekara guda an rasa ɗaya daga cikin kowane yara 4 'yan ƙasa da shekara 5. Jimilla, yara fiye da 400 suka rasu.

Yanzu ku biyo ni a hankali, ku ga sassan jami'a nawa wannan masifa guda ta buƙata.

Mai kemistiri shi ya amsa tambayar farko: daga ina dalmar ta fito? Dutsen da ake haƙowa don neman zinare a yankin yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. A cikin dutse ba ta cutar da kowa. Amma mutane suna kawo duwatsun gida, mata su daka a turmi, a kai injin niƙa irin na hatsi ya mayar da su gari, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a kwano, a tabarma. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Shi ke nan.

To ta yaya za a san wane gida ne ya gurɓace, wane ne bai gurɓace ba? Ba za ka kwashi ƙasar gari guda ka kai ɗakin gwaji ba. Nan fiziks ya shigo, wannan darasin da muka riƙa gudu a sakandare. Akwai wata na'ura ta hannu, girmanta bai wuce na'urar busar da gashi ba. Ana ɗora bakinta a ƙasa ta harba hasken eksire. Hasken ya bugi ƙwayar zarra, ita kuma ta mayar da nata hasken, kuma kowane sinadari da irin nasa, kamar yadda kowa da muryarsa. Na ƙarfe daban, na dalma daban. Cikin ɗan lokaci sai lamba ta fito. A lokacin, ma'aunin Amurka na ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wuraren Zamfara an samu sama da 100,000 cikin miliyan. Wato in ka auna ƙasa kilo 10, kusan kilo guda dalma ce, a kimance.

Likita kuma ya san abin da ya sa yara ne ke mutuwa, manya na yawo. Jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin da ke gina ƙashi, ya buɗe mata ƙofa, kuma cikin yaro yana tsotse ta ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba. Daga jini sai ƙwaƙwalwa. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka iyakarta lamba 65, ana fara ba da magani daga 45, amma yara da yawa sun zarce abin da na'urar za ta iya karantawa. Maganin akwai shi: ƙwaya ce da ke kama dalmar a jini ta fitar da ita ta fitsari. Sai dai ga matsalar. In ka wanke jinin yaro ka mayar da shi gidan da ƙasarsa guba ce, ka yi wankan jego a kwata. Dole sai an kankare saman ƙasar gidan, an kwashe, an zuba sabuwa, sannan magani ya yi amfani.

Nan ne fa maganar ta bar hannun masu farar riga.

Kankare ƙasar gari kuɗi ne, kuɗi kuma siyasa ne. An share ƙauyuka 7, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jira. Likitoci na nan, magani na nan, yara kusan 1,500 na jira, kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari bai fito ba. Sai da ƙungiyoyi da matasa suka tayar da ƙura a Twitter da Facebook, cikinsu har da Hamzat Lawal da tafiyarsa ta Follow The Money, sannan aka saki kuɗin a farkon 2013. Kusan shekara 3. Wanda ya karanta kimiyyar siyasa, tambayarsa ke nan: a wane teburi takarda ta kwana, me ya sa, kuma me ya motsa ta? Ni a ganina wannan tambayar ba ta gaza ta mai kemistiri nauyi ba. Dalma ta kashe yara, jinkiri ma ya yi nasa.

Masu ilimin halayyar ɗan Adam aikinsu biyu ne. Yaran da suka rayu, wasu sun makance, wasu sun shanye, wasu kuma a ido lafiya lau amma karatu ba ya zama. Auna wannan, da sanin yadda za a koyar da su, aiki ne na shekaru. Na biyun ya fi wuya: me ya sa uba zai ci gaba da kawo dutsen gida bayan an ce masa shi ke kashe 'ya'yansa? Kada ku yi saurin cewa jahilci. Farashin zinare ya tashi sosai bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, har ya kai wajen dala 1,900 kowane oza a 2011. Manomin gero ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ka ce masa ya daina, ya ci me? Hana haƙar ma sai ya sa mutane ɓoyewa. Abin da ya fi aiki shi ne a fitar da niƙan bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, a yi wanka a canza kaya kafin a shiga gida. Ba a gano haka ba sai da aka zauna aka saurari mutanen.

Tarihi fa? A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. An gane shi da wuri ne saboda na Zamfara a rubuce yake.

Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai duk Turawa suka yi, Yaya. Mu mi muke da shi?"

Na nuna masa ƙofar da Gwaggo ta shiga. Na ce mutanen da ke kwance a nan ba sarauta ce kawai ta sa ake tuna su ba, alƙalami ne. Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da 'yarsa Nana Asma'u da ke kwance kusa da shi, da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello na Wurno, littattafan da suka bari ɗaruruwa ne. Kuma ba fiƙihu kaɗai ba. Bello ya rubuta tarihi a Infaƙul Maisuri, ya yi rubutu kan mulki, ya yi kan magunguna. Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami kan yadda ake riƙe jama'a, kuma yana da wani ɗan littafi, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wajensu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Wannan jerin manazarta da ɗalibai ke kwafowa a ƙarshen furojet ba tare da sun buɗe ko ɗaya ba, asalinsa amana ce irin wannan: wa ya faɗa maka, shi kuma a ina ya samo?

Akwai labarin da nake so ƙwarai. Baturen nan Clapperton, da ya dawo Sakkwato karo na biyu, inda ya rasu a 1827, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin lissafin Uƙlidis da Larabci. Bello ya ce ai suna da shi a gidansu, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye. Daga baya Baturen ya shigo ya tarar da shi zaune yana karanta littafin. Sarki guda, da yaƙi a gabansa, yana nazarin kusurwa da da'ira.

Kuma ba nisa da inda muke zaune, a Gidaɗawa, nan wani saurayi ɗan Ingila, Murray Last, ya zo a farkon shekarun 1960 yana ɗalibin Jami'ar Ibadan. Waziri Junaidu ya buɗe masa taskar littattafai da wasiƙun gidan Waziri. Daga nan ya samu digirin digirgir a 1964, aikin ya fito littafi a 1967, kuma har yau duk mai nazarin Daular Usmaniyya sai ya bi ta kansa. Takardun namu ne, a unguwarmu suke. Shi dai ya zauna ya karanta, ya gwama wannan da waccan, ya tambayi Waziri abin da ya shige masa duhu.

Ban ce abin da sauƙi ba. Na san halin da ake ciki: ba wuta, sinadaran gwaji sun ƙare ko sun lalace, malami guda da ɗalibai masu yawa a wuyansa, ga yajin aiki, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ba zan ce masa ya yi abin da CDC ta yi ba. Amma tambayoyin a ƙofar gidanmu suke. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, tana da cibiyar binciken makamashi da ke aiki kan hasken rana, a garin da rana ba ta yi mana rowa ba. Muna da asibitin yara masu cutar noma, mai zaizaye baki da fuska, tun 1999, cutar da sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Kowane yaro da aka kawo can, akwai tambayar likita a kansa, akwai ta abinci da talauci, akwai ta yadda zai koma cikin tsaransa da sabuwar fuska.

Ina cikin magana idona ya faɗa kan tiren kwalli. Na ce masa, ka san a 2011, a birnin Boston na Amurka, an gwada wani jariri ɗan wata 6, iyayensa 'yan Najeriya, aka samu dalma a jininsa? Da aka bi diddigi sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, sau da yawa dutsen dalma ne. Ban ce kowane kwalli haka yake ba, kuma ban ce na wannan bawan Allah ba, ido ba ya rabewa, sai an auna. Mu kuma jariri ko suna ba a yi ba an rambaɗa masa.

Ya kalli tiren, ya kalle ni. "Sashenmu akwai injin da ke auna ƙarafa. In da wuta."

Na ce, "To N15,000 ɗin nan zan ba ka, ba rance ba. Amma samfuri za ka saya da su. Kasuwa-kasuwa, kowanne ka rubuta inda ka saye shi da rana. Abin da injin ya nuna shi za ka rubuta, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. In ba a samu komai ba, shi ma sakamako ne."

Kafin Gwaggo ta fito ya sayi ƙulli uku a wajen mutum uku, ya yagi takarda ya nannaɗe kowanne daban, ya ari birona yana rubutu a kai. Da ta fito ta gan shi da kwalli a hannu, sai ta ce, "Au, ashe an samu budurwa ba a gaya mini ba?"

Jiya ya kira ni, ya ce malamin da ke duba aikinsa ya amince da batun, amma ya ce samfuri uku ba bincike ba ne, ya kawo 30. Yanzu haka yana Tsohuwar Kasuwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.