Noman inabi a gangaren Mosel

A kwarin kogin Mosel, yammacin Jamus, lokacin zafi gajere ne. Shi ya sa manoma ke dasa inabi a gangaren tsaunukan da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi daɗewa tana dukan ganye. Fallayen duwatsun da ke shimfiɗe a gindin kuringar sukan sha zafi da rana, su sake shi da dare.

Gangaren Calmont, kusa da ƙauyen Bremm, karkatarsa ta kai digiri 65. Tarakta ba ta hawa, da hannu ake tsinka, aiki ne mai karya ƙugu.

Riesling, irin inabin da manoman suka fi nomawa, ba ya nuna sai Oktoba, don haka giyarsa ke fita da ƙamshi da tsami mai kaifi.