Benci daga fallen katako ɗaya: yadda za ka haɗa abin zamanka da hannunka

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na sana'ar hannu. Mun sa shi a takarda ne saboda wanda ya saurara yana bayan shanu, ko yana tsakiyar ciniki, bai samu sukunin riƙe lambobin awo ba.

Kowa ya san wannan labarin. Ka sayi benci ranar kasuwa, sabo fil, yana ƙamshin fenti. Kafin hunturu ya fita ya fara kuka in an zauna, ƙusoshi sun leƙo, ƙafa ɗaya ta daina taɓa ƙasa. Damina na faɗuwa gara ta ƙarasa shi. Sai a yi ta zagin kafinta. Wani lokaci laifinsa ne, amma sau da yawa bencin ya mutu tun ranar da aka zaɓi katakonsa. To, haɗa benci ba sai wanda ya yi shekaru a shagon kafinta ba. Mai zarto da guduma da haƙuri zai iya, a lokacin da babu kasuwa ko bayan dabbobi sun kwanta. Abin da ke sa ya daɗe shi ne busasshen katako da haɗi mai hana girgiɗi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Katako ya bushe tukuna

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma wannan karin maganar ta mai tarbiyya ce. A wurin kafinta ɗanyen icce shi ke tanƙwara kansa ba da izinin kowa ba. Itacen da aka sare cike yake da ruwa. Yayin da ruwan ke fita, katakon yana tsukewa ta faɗinsa da kaurinsa, amma tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa teburin da aka haɗa da ɗanyen katako yake buɗe baki tsakanin falle da falle, ramin ƙusa ya saki, fallen ya lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Mu nan abin ya fi tsanani. Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu ake lodo shi, inda iska ke da laima. Da ya iso Illela ko Birnin Ƙonni, Jibiya ko Maraɗi, ya gamu da iskar hunturu, sai ya yi ta zubar da ruwa da sauri har ya tsage.

Yadda za ka yi: in ka sayo katako kar ka taɓa shi da zarto a ranar. Ka jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, bisa duwatsu ko bulo don kar ya taɓa ƙasa. Tsakanin kowane falle da na samansa ka gitta siraran sanduna, ka ɗora abu mai nauyi a can bisa. Kar ka shanya shi a rana kamar hatsi, bayansa zai bushe cikinsa na jiƙe, ya dare. Bakin fallen, wato ƙarshensa biyu, nan ruwa ya fi saurin fita, nan kuma tsagewa ke farawa. Ka shafa masa ragowar fenti.

Yaya za ka san ya bushe? Ɗan kasuwa yana da sikeli. Ɗauki falle ɗaya ka auna, ka rubuta nauyin a jikinsa da gawayi. Bayan mako ka sake aunawa. Muddin nauyin na raguwa, ruwa na fita. Ranar da ka auna sau biyu ko uku a jere ka ga bai motsa ba, katako ya shirya.

Wane itace?

A wurin masu sayarwa za ka ji ana cewa farin katako da jan katako. Farin ya fi araha da sauƙin yanka, ba shi da nauyi, amma gara da ƙwaro na son sa. Jan ya fi tsada da nauyi, ya fi kuma daɗewa. Malaina tana tsakiya: ba nauyi, tana da daɗin aiki, sai dai tana jinkirin bushewa. A cikin itatuwanmu na gida, maɗaci katako ne na gaske. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, wasu maina, wasu bedi, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, kuma dangin maɗaci ne. Katakonsa na da ƙarfi, ƙwari ba su cika damun sa ba. Ƙirya kuwa ta masu turmi da maƙera ce, taurinta sai ya gajiyar da zartonka.

Kowane itace ka samu, duba launinsa. Tsakiyarsa mai duhu ita ce mai ƙarko. Farin da ke gefe, kusa da ɓawo, shi ƙwari ke fara ci. In ka ga ƙananan huji kamar na allura, gari yana zuba daga ciki, bar shi ko da kyauta ne, don zai kai wa sauran kayan ɗakinka baƙi.

Akwai itatuwan da muke roƙo a ƙyale. Gawo shi ne ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka kaɗe, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, ƙarƙashinsa kuma gero ya fi kyau. Katakonsa ma laushi gare shi, ƙwari na cin sa, ba riba a sare shi. Madobiya ita ma makiyayi ya san darajar ganyenta in ciyawa ta ƙare. An yi ta saran ta ana kai wa ƙasar Sin har ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Tun farkon 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido, a 2022 kuma aka tsayar da fitar da ita daga ƙasashen yankin. A Nijar dokar gandun daji ta 2004 ta tsara yadda ake saran itace, a Najeriya jihohi na da nasu dokokin. Kafin ka sari itace, ko ka tsallaka iyaka da lodin katako, je wurin ma'aikatan gandun daji ka ji abin da ake bukata. Kuɗin takarda bai kai asarar kaya a shinge ba.

'Yan kasuwa kuma kuna da wata hanya: katakon akwatuna da na shimfiɗar da ake ɗora kaya a kai cikin manyan motoci. Duba hatimin da ke jikinsa. In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarinsa. In ka ga MB, da hayaƙin magani mai guba aka yi, kar ka yi abin cin abinci da shi. Wanda mai ko maganin feshi ya zuba a kansa, shi ma a bar shi.

Inci da santimita

Ga inda mutanen iyaka ke yawan ruɗewa. Kafintan Najeriya da inci da ƙafa yake awo, na Nijar da mita da santimita. Inci 1 santimita 2.54 ne, ƙafa 1 inci 12 ce, wato santimita 30 da ɗan ɗoriya. Yawancin tef na awo suna da duka biyun, gefe da gefe. Zaɓi gefe ɗaya ka tsaya a kansa har ka gama. Kuma kar ka yarda da sunan katako: wanda ake ce wa mai faɗin inci 12 sau da yawa bai cika ba. Auna da kanka.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto, guduma, tef, fensir, ƙusa mai inci 2 da rabi, da takardar goge katako. In ba ka da ƙarfen daidaita kusurwa, kusurwar sabon kwali ko murfin littafi za ta yi maka.

Yankan bencin

Falle ɗaya mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, ya isa benci guda. Ga yadda za ka raba shi:

Saman benci, inda ake zama: inci 48, wato santimita 122.

Ƙafafu biyu: kowace inci 17, wato santimita 43. In ka haɗa da kaurin saman, tsayin bencin ya zama inci 18, daidai yadda babba zai zauna tafin ƙafarsa na ƙasa.

Maɗaurai biyu na gefe: yanki guntu mai inci 44, wato santimita 112, ka tsaga shi biyu ta tsawonsa. Kowane zai zo da faɗin wajen inci 6.

Abin da ya rage, kusan inci 18, ajiye shi. Zai yi saman kujera 'yar tsugunne.

Yanzu ɗauki ƙafa ɗaya. A gindinta, a tsakiya, yanke wani yanki mai siffar bakin kibiya, ka bar inci 3 a kowane gefe. Wannan yankan ba ado ba ne. Faffaɗan gindi ba ya zama daidai a ƙasar kasuwa ko ta ruga, kullum yana bisa wani tudu yana rawa. In ka cire tsakiyar, bencin ya koma mai ƙafa huɗu, ya sami wurin tsayawa.

A saman ƙafar kuma, a kusurwa biyu, yanke gurbi mai zurfin inci 1 da tsawon inci 6, daidai yadda maɗaurin gefe zai shiga ya zauna. Ka yi wa ƙafa ta biyu haka. Ka ɗora ɗaya bisa ɗaya ka tabbatar tsayinsu ɗaya ne kafin ka ci gaba.

Haɗawa

Fara da ƙafafu da maɗaurai, saman ya zo daga baya. Sa maɗauran a gurabensu, ka bar inci 4 na maɗauri ya wuce kowace ƙafa ta waje, ka duba kusurwa, sannan ka buga ƙusa uku a kowace mahaɗa. Daga nan ka ɗora saman, ya wuce maɗauran da inci 2 a kowane ƙarshe, ka buga shi cikin maɗauran da ƙafafun.

Me ya sa maɗauran nan suka fi komai muhimmanci? Bencin da aka buga samansa kai tsaye cikin kan ƙafa kawai, ƙusar ta bi jijiyar katakon ne, kuma ƙusar da ta bi jijiya ba ta riƙo. Duk wanda ya zauna ya muskuta yana tura ƙafar gaba da baya, har wata rana bencin ya durƙusa kamar raƙumi. Maɗaurin da ya zauna cikin gurbi yana hana ƙafar karkata, yana kuma tallafar saman kar ya lotsa in mutum uku sun zauna.

Dabaru biyu na ƙusa. Kafin ka buga ta kusa da bakin katako, juya ta ka ɗan daki tsininta da guduma. Mai kaifin tsini tana raba jijiyoyin katako kamar gatari, sai ya tsage. Dakusasshiya kuwa huda su take yi ta wuce. Na biyu, kar ka buga su duka a miƙe. Karkata ɗaya dama, ta kusa da ita hagu, sai su riƙe juna. In jan katako ne mai tauri, fara huda ramin da abin huji wanda bai kai ƙusar kauri ba.

Makiyayi mai tashi, da ɗan kasuwa mai bin kasuwanni, ku ga taku dabarar. Ku buga maɗauran a jikin saman kawai, ƙafafun kuma ku bar su su riƙa shiga tsakanin maɗauran. A bayan kowace ƙafa ku buga ɗan guntun katako mai kauri a gefe biyu, ku huda shi tare da maɗaurin, ku ɗaure da ƙarfe mai noti, biyu a kowace mahaɗa. Ranar tashi a kwance noti, benci ya koma falle uku, a ɗaure bisa jaki ko amalanke.

Gara da ruwa

Gara daga ƙasa take hawowa, kuma laima take bi. Kar benci ya kwana a wuri ɗaya wata da watanni. Riƙa ɗaga shi kana share ƙarƙashinsa, da damina ka sa fale-falen duwatsu a ƙarƙashin ƙafafun. Mutane da yawa na shafa baƙin mai na inji a gindin ƙafa. In za ka yi, ya tsaya a gindin kaɗai, kar ya kai inda ake zama ko inda ake ajiye ƙwaryar nono. In za ka yi fenti, shafa sama da ƙasa duka. Fallen da aka shafe fuska ɗaya yana shan laima ta ɗayar, sai ya lanƙwashe. Guntayen katakon da aka sa wa maganin gara ko fenti kuma ba na murhu ba ne, hayaƙinsu na cutarwa.

Kashedi ga masu dabbobi

Wannan ita ce maganar da muka fi so ku riƙe. Saniya ba ta tantance abin da ta kwasa da harshe, haɗiyewa take yi ta tuƙa daga baya. In ƙusa ko guntun waya ya shiga cikin harawa, zai sauka a ɓangaren tumbinta mai kama da saƙar zuma, wanda ke dab da zuciya. Daga nan yana iya hudawa ya kai ga zuciyar. Sai ka ga saniya ta daina ci, nono ya ragu, ta gantsare baya tana nishi, ba ta son tafiya. Ƙusar da ba ta kai kuɗin goro ba ta kashe saniyar da ta fi benci ɗari.

Don haka kar ka yi aikin katako kusa da garke ko inda ake ajiye harawa da dusa. Shimfiɗa buhu ka yi aikin a kansa. Ƙirga ƙusoshinka kafin ka fara, ka ƙirga bayan ka gama. In kana da matacciyar rediyo, ciro maganaɗisun da ke bayan lasifikarta ka ɗaura masa igiya ka ja shi a wurin, zai tsinto abin da idonka bai gani ba. Kai ma in tsohuwar ƙusa ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus, kar ka tsaya kan toka da ƙasa.

Bencinka na farko ba lallai ya yi kyan na shago ba. Layin zarto zai ɗan kauce, wata ƙusa za ta lanƙwashe. Ba komai, sannu ba ta hana zuwa. In katakon ya bushe, maɗauran sun zauna a gurbinsu, zai ɗauki baƙinka shekara da shekaru. Wanda ya gwada, ya aiko mana da labarin yadda ta kaya, da sunan itacen da ya yi aiki da shi a yankinsu, mu karanta wa sauran 'yan uwa. Allah ya tsare dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba.