Ma'aunin zafi kafin ƙugiya

A jihar Minnesota ta Amurka, watan Yuni kakar masu kamun kifi ce. Amma gogagge in ya je tafkin da bai sani ba, ba ya gaggawar jefa ƙugiya, zafin ruwa yake fara aunawa. In ya kai digiri 16 zuwa 18, kifin bass yana gefen gaɓa, namijin na gadin ƙwai. Pike cikin ciyawar ruwa yake laɓewa. Shi kuwa walleye, idonsa ba ya son haske, sai asuba ko magariba.

Mu fa? Mutum ya zuba 'ya'yan tarwada dubu a sabon rami, ruwan ko aunawa bai yi ba, in sun mutu ya ce mai ƙyanƙyasa ne ya cuce shi. Wallahi ma'aunin nan bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba.