Ƙaramin Maki da Burin Zama Likita: Yadda Ake Sake Neman Gurbi a Amurka

A Amurka ɗalibi ba ya fita daga sakandare ya zarce makarantar likitanci. Sai ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, a duk fannin da ya ga dama, ko da tarihi ne, muddin ya haɗa da darussan da aka gindaya masa: bayoloji, kemistiri, fiziks da ɗan lissafi. Daga nan ne zai nemi gurbin karatun likita, wanda shi ma shekara huɗu ne. Jami'ar Johns Hopkins ce ta kafa wannan sharaɗi a 1893, da ta buɗe makarantarta ta ce sai mai digiri za ta ɗauka. Rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910 kuma ya sa sauran makarantun ƙasar suka tsaurara hanyar shiga, da dama daga cikinsu ma aka rufe su.

Abin da wannan tsari ya haifar shi ne, abin da yaro ya yi yana ɗan shekara 18 ko 19, farkon barinsa gida, shi za a shimfiɗa a gaban kwamiti ranar da ya girma ya zo neman zama likita. Ma'aunin da ake dubawa shi ne matsakaicin maki, wanda ɗalibai ko'ina suka fi sani da GPA, kuma a can ƙololuwarsa 4.0 ce. A 'yan shekarun nan mutum sama da 50,000 ke neman gurbi a makarantun da ke ba da digirin MD kowace shekara, ana ɗaukar kimanin 23,000. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka ya haura 3.7. Wato mai 3.0, wanda a wasu fannoni sai a yi masa barka, a nan yana can ƙarshen layi.

To mai irin wannan maki ya haƙura ke nan? A'a. Kowace shekara akan ɗauki wasu daga cikinsu. Sai dai wanda ya ce masa abin mai sauƙi ne ya cuce shi, domin tsohon maki ba ya gogewa. Abin da kawai zai iya yi shi ne ya kawo sabuwar hujja mai nauyin da za ta rinjayi tsohuwar.

Yawancin makarantun MD ta hanyar wata cibiya ɗaya ake nemansu, mai suna AMCAS, wadda ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, AAMC, ke gudanarwa. Cibiyar ba ruwanta da lissafin da jami'arka ta yi maka. Takardar sakamakon duk wata kwaleji da ka taɓa shiga za ta karɓa, ta sake buga nata lissafin. Idan ka faɗi wani kwas ka maimaita ka ci, ko da jami'arka ta yafe maka faɗuwar, AMCAS za ta ƙirga duka biyun. Sannan za ta ware makin bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi gefe guda, don kada mutum ya ɓoye raunin kimiyyarsa a bayan darussa masu sauƙi. Za kuma ta jera sakamakon shekara-shekara, daga ajin farko zuwa na ƙarshe.

A ɗauki misalin wanda ya gama digiri mai kiredit 120 da maki 3.0. Ya koma aji, ya ɗauki kiredit 30, kimanin aikin shekara guda cur, ya cinye komai da A, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Matsakaicinsa zai tashi zuwa 3.2 ne kacal. Ya ƙara wata shekarar haka, ya kai 3.33. Shekara biyu na karatu ba kuskure, amma har yanzu bai ko kusanci 3.7 ba. Mutane da yawa a nan gwiwarsu ke sanyi, kuma a nan ne suke kuskuren fahimtar abin da kwamiti ke nema. Wancan jeri na shekara-shekara shi ne madogarar mai ƙaramin maki. Wanda ya fara da 2.5, ya koma 3.0, ya ƙare da 3.8, da wanda ya fara da 3.8 ya gangaro 2.5, lissafi zai iya ba su matsakaici iri ɗaya, amma ba mai hankalin da zai ce mutum ɗaya ne. Na farko ya nuna ya gano matsalarsa ya magance ta, kuma a darussan aji na sama, waɗanda suka fi wuya, ya yi hakan. Wasu makarantu ma sun fi ba sakamakon baya-bayan nan nauyi. Akwai kuma waɗanda ke da iyakar makin da in ba ka kai ba, kwamfuta ce za ta tace ka tun kafin idon ɗan Adam ya ga takardarka, don haka tura musu takarda asarar kuɗi ce kawai.

Kafin komawa aji akwai tambayar da ya wajaba mutum ya amsa wa kansa tsakani da Allah: me ya jawo makin ya faɗi? Amsoshin sun sha bamban. Wani aikin dare yake yi don ya biya kuɗin makaranta, da safe yana gyangyaɗi a lakca. Wata jinyar mahaifiyarta ta yi shekara biyu. Wani sakandaren da ya fito ko ɗakin gwaje-gwaje babu, aka haɗa shi aji ɗaya da 'ya'yan masu hali. Wani kuwa wasa ya sa a gaba. Akwai kuma wanda har yau bai iya karatun kimiyya ba, haddar dare ɗaya ya saba da ita, ita kuwa ba ta aiki a kwas irin oganik kemistiri, wanda ya yi suna wajen kayar da masu burin likitanci. Har a 2022 sai da Jami'ar New York ta sallami wani fitaccen malamin wannan kwas, Maitland Jones, bayan ɗalibai 82 cikin 350 sun kai ƙarar cewa jarrabawarsa ta yi tsauri, abin da ya ta da muhawara a faɗin ƙasar. Duk wanda ya koma aji bai cire ƙayar da ta soke shi da farko ba, sabon sakamako mara kyau zai ƙara a kan tsoho, kuma wannan karon ba shi da uzurin ƙuruciya.

Bayan sabon makin aji, hujja ta biyu ita ce jarrabawar MCAT. Zama ne na kusan awa bakwai da rabi, kashi huɗu: biyu kan kimiyyar rai da ta sinadarai da fiziks, ɗaya kan halayyar ɗan Adam da zamantakewa, ɗaya kuma kan karanta rubutu da tsamo ma'anarsa. Makin yana farawa daga 472 ya tsaya a 528, kuma matsakaicin waɗanda ake ɗauka a makarantun MD yana wajen 511 zuwa 512. Darajarta ga mai ƙaramin GPA ita ce kowa mudu ɗaya ake auna masa, ɗan babbar jami'a da ɗan ƙaramar kwaleji. Maki mai kyau a nan yana shaida wa kwamiti cewa ƙwaƙwalwa tana nan. Amma ba ya shaida musu cewa mutum zai jure karatun yau da gobe har shekara huɗu, wannan kuwa aji ne kawai ke nuna shi. Kuma kada a shige ta don gwaji, domin makarantu suna ganin duk sakamakon da ka taɓa samu.

Komawa ajin iri biyu ne. Akwai karatun bayan digiri wanda darussansa na matakin digirin farko ne, don haka makinsa yana shiga cikin tsohon matsakaici ya ɗaga shi. Ana iya yin sa a shiri na musamman, ana kuma iya zuwa jami'ar jiha mafi kusa a riƙa ɗaukar kwasa-kwasai da kaɗan-kaɗan ana aiki. Sai kuma digiri na biyu na musamman, na shekara guda, wanda Jami'ar Georgetown ta yi fice da shi tun 1975. A irin wannan shiri ɗalibi yakan ɗauki wasu darussa iri ɗaya da na 'yan ajin farko na likitanci, a auna shi da ma'auninsu. Wanda ya yi zarra a nan ya kashe bakin mai shakka. Wanda ya gaza kuwa, da hannunsa ya rubuta shaidar cewa ba zai iya ba, ga kuma bashin dubban daloli a wuya. Shi ya sa masu ba da shawara ke cewa kada a shige shi sai an shirya.

Akwai wata ƙofa da baƙi ba su cika saninta ba. Amurka tana da likitoci masu digirin DO, tsarin da Andrew Taylor Still ya buɗe makarantarsa ta farko a 1892 a garin Kirksville na jihar Missouri. A yau cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani suna yin tiyata, kuma tun 2020 tsarin horon ƙwarewarsu ya haɗe da na masu MD. Kimanin ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitancin ƙasar a waɗannan makarantu suke, kuma matsakaicin makin shigarsu ya ɗan yi ƙasa da na MD. Da can cibiyarsu takan ɗauki sabon sakamakon kwas ɗin da aka maimaita ta watsar da tsohon, amma ta daina a 2017. Jihar Texas ce ke da wata doka ta daban: mazaunin jihar yana iya neman a yi watsi da duk darussan da ya yi shekara goma ko fiye da suka wuce, sai dai masu kyau da marasa kyau tare za su tafi.

Ƙofar da na fi jin tsoro ita ce ta makarantun tsibiran Karebiyan, irin su St. George's a Grenada da Ross a Barbados. Sun fitar da likitoci da yawa da ke aiki a Amurka, wannan gaskiya ne. Amma shigarsu ta fi fitarsu sauƙi, kuma gama karatu ba ya ba mutum damar duba marar lafiya a Amurka sai ya samu gurbin horon ƙwarewa a asibiti. Sama da kashi 90 cikin ɗari na masu kammala makarantun cikin ƙasar suna samun wannan gurbi, amma Amurkawan da suka yi karatu a waje kimanin biyu cikin uku ne ke samu. Ragowar ga digiri a hannu, ga bashi, ba aikin likita.

Ni ina ganin kwamitocin suna da gaskiya da suke neman hujja. Ran mutane za a damƙa wa wanda suka ɗauka, kuma ɗaukar wanda zai faɗi a hanya zalunci ne gare shi. Ina kuma yaba musu da suke duba abin da ya wuce lamba: aikin da mutum ya yi a asibiti, wasiƙun malamansa, da bayanin da ya rubuta kan kansa, inda aka fi son ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, ya ɗauki alhakinsa, ya nuna abin da ya canza. Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗi. Dama ta biyu sayenta ake yi. Ɗan mai hali da ya yi wasa da ajin farko, iyayensa za su biya masa shekara biyu na gyara da malamin MCAT. Wanda makinsa ya faɗi saboda yana aikin dare kuwa, talaucin da ya kayar da shi da farko shi zai tare masa hanyar gyara. AAMC tana da tallafin da ke rage kuɗin jarrabawa da na cike takarda ga masu ƙaramin ƙarfi, amma bai shafi kuɗin komawa aji ba, alhali can ne nauyin yake. Kuma duk wannan kafin a zo ga karatun likitancin kansa, wanda galibin masu gama shi ke fita da bashin da ya kai wajen dala 200,000. Sau da yawa irin waɗannan da ake rasawa su ne suka fito daga karkara da unguwannin talakawa, inda aka fi ƙarancin likitoci.

Ga ɗalibinmu da ke hangen Amurka daga Kano ko Zariya, matsalar ta wuce maki. AMCAS ba ta lissafa sakamakon jami'o'inmu, yawancin makarantu sai ka yi wasu darussa a Amurka ko Kanada, kaɗan ne ke ɗaukar baƙo, kuma baƙo ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayyar Amurka.

Amma matsalar ƙaramin makin kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowace shekara akwai waɗanda suka nemi likitanci a ABU ko BUK ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka tura su bayokemistiri ko fiziyoloji, suka karɓa ba da son ransu ba, suna cewa in sun gama za su dawo. Wasu ɓacin ran nan ne ke sa su sakaci, sai su fito da sakamakon da zai rufe musu ƙofar da suke hange. Domin hanyar dawowar ita ce shiga kai tsaye ta JAMB zuwa aji biyu, kuma galibin jami'o'i digiri mai daraja ta biyu babba suke nema, wato 3.50 zuwa sama a ma'aunin 5.0. Guraben kuma ƙalilan ne, saboda hukumar kula da aikin likita, MDCN, ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Sai dai mu muna da wata hanya da Ba'amurke ba shi da ita. Mai digirin da makinsa bai kai ba yana iya sake zama jarrabawar JAMB da sakamakonsa na sakandare, in yana da kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, ya yi gogayya da ƙannensa, ya faro daga aji ɗaya. Shekara shida zai yi kafin ya gama, ga shekarar horo a asibiti tana jiransa a bayansu.