Rabon Zariya a Shirye-shiryen Safe na Talabijin

Mai kunna talabijin da safe a Samaru ta Zariya ya san tsarin. Good Morning Nigeria na NTA da Kakaaki na AIT daga Abuja suke fitowa, Sunrise Daily na Channels kuma tsakanin Legas da Abuja. Za a daɗe ana bitar jaridu da muhawarar siyasa, sannan a leƙa jihohi a gurguje. Wannan leƙen ma ƙara tsukewa yake yi.

Asalin abin daɗaɗɗe ne. A 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, aka buɗe talabijin a Kaduna, mallakar gwamnatin Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, Kaduna ta koma cibiyar shiyya mai aika rahoto sama. Labarin Sabon Garin Zariya sai ya tsallake edita a Kaduna, ya tsallake wani a Abuja, kafin ya ga allo.

Amma babban dalili kuɗi ne. Tura ɗan rahoto da mai kyamara daga Kaduna zuwa Zariya na cin mai da alawus, ga shi tun cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tsada. Zaunar da baƙi biyu a ɗakin shiri su yi ta musu kuwa kusan kyauta ne. Masu ba da talla ma yawancinsu a Legas suke. Shi ya sa abin da ke cike gurbin jihohi galibi bikin gidan gwamnati ne, inda an riga an tanadi mota da kyamara.

Sakamakon a fili yake. Zariya kan shiga allon ƙasa ne idan masifa ta auku, kamar ruftawar masallacin Juma'a na fadar Zazzau a Agustan 2023, ko idan malaman jami'a sun tafi yajin aiki. Sabon irin masara da cibiyar binciken aikin gona ta IAR ta fitar, farashin taki, matsalar ruwan famfo, duk ba su cika samun wuri ba, alhali su ne zancen gari.

Ba tashoshin kaɗai ke da laifi ba. Da Turanci suke magana, kuma wutar lantarki ba ta da alƙawari da safe. Jama'a sun riƙe rediyonsu, BBC Hausa da tashoshin FM na gida, wasu sun koma Gari Ya Waye na Arewa24. Matasa kuwa WhatsApp da Facebook suka rungume, inda gaskiya da ji-ta-ji-ta ke tafiya tare.

Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen koyar da aikin jarida da gidan rediyonta. Da tashoshin ƙasa za su ƙulla yarjejeniya da su, da rahoton Samaru ya isa Abuja kowace safiya ba tare da an ƙona man zuwa daga Kaduna ba.